Ƙarin harajin ribar kadara a Kanada da waɗanda suka yi gaggawar sayarwa

A ranar 16 ga Afrilun 2024, ministar kuɗi ta Kanada a wancan lokaci, Chrystia Freeland, ta gabatar da kasafin kuɗi mai ɗauke da sauyin da ya hana masu ba da shawara kan haraji barci har kusan shekara guda. Dokar da aka saba da ita ita ce, idan mutum ya sayar da kadara ko hannun jari ya ci riba, rabin ribar kawai ake haɗawa da kuɗin shigarsa a ɗora masa haraji. Kasafin ya ce daga 25 ga Yunin 2024, ɓangaren ribar da ya haura dalar Kanada 250,000 a shekara, kashi biyu bisa uku nasa ne za a haɗa da kuɗin shigar a ɗora masa haraji, kamfanoni kuwa tun daga dalar farko.

Makonni goma ke nan aka bai wa jama'a, kuma cikinsu ne mutane da dama suka sayar da gidajen haya, da gidajen hutu na bakin tafki, da hannayen jarin da suka jima suna riƙe da su. Gidan da mutum yake zaune a ciki dama ba ya cikin wannan lissafi.

Sai dai ƙarin bai taɓa zama doka ba. Freeland ta ajiye aiki a watan Disamba, aka dakatar da zaman majalisa a ranar 6 ga Janairun 2025 ba tare da an zartar da shi ba, alhali hukumar haraji ta CRA ta riga ta fara aiki da shi kamar yadda ta saba yi da ƙudurorin gwamnati. A ƙarshen Janairu aka ɗage shi zuwa 2026, sannan a ranar 21 ga Maris ɗin 2025 sabon firaminista Mark Carney ya soke shi ɗungurungum.

Abin da ya fi damuna shi ne lissafin da ya kamata a yi wa mai kadara tun farko, ko da ƙarin ya tabbata. Mu ɗauki mutumin lardin Ontario da ke matakin haraji mafi girma, wato kashi 53.53 cikin ɗari, wanda gidan hayarsa ya ƙara daraja da dala 500,000. A tsohon tsari, dala 250,000 za su shiga lissafi, a sabon kuwa kimanin 291,700, wato ƙarin harajin bai wuce dala 22,000 da 'yan kai ba. Don gudun wannan, wanda ya sayar a Yuni ya jawo wa kansa biyan kusan dala 134,000 a kan ribar shekarar, kuɗin da da sun ci gaba da haihuwa a hannunsa shekaru masu yawa in da ba shi da niyyar sayarwa. Wanda dama yake shirin rabuwa da kadarar cikin shekara ɗaya ko biyu bai yi asarar kirki ba. Wanda tsoro ne kawai ya kai shi kasuwa, shi ne ya gudu daga yayyafi ya faɗa kogi, kuma a ganina mai ba shi shawara yana da kaso a laifin idan bai zauna ya nuna masa alƙaluman biyu gefe da gefe ba.

Wani ɓangare na kasafin ya tsira: iyakar ribar da aka yafe wa masu sayar da hannun jarin ƙananan kamfanoni, da gonaki, da kadarorin kamun kifi ta tashi zuwa dala miliyan 1.25 a tsawon rayuwar mutum.

'Yan uwanmu da suka zama mazauna Kanada su ma abin ya shafe su, domin ƙasar tana karɓar haraji a kan abin da mazauninta ya samu a ko'ina cikin duniya. Ribar filin da aka sayar a Kano ko Abuja dole ta shiga takardar harajin da ake miƙawa zuwa 30 ga Afrilu, kuma wanda kadarorinsa na neman riba a waje suka haura dala 100,000 a farashin saye sai ya cike fom ɗin T1135 na bayyana kadarorin waje kowace shekara, ko da bai sayar da komai ba.