Mun sallama gida, sai aka miƙo mana takardar gyara

Gidan mahaifinmu ne a Sharaɗa, ginin shekarun 1990, ɗaki huɗu da falo biyu da shago ɗaya ta waje. Bayan rasuwarsa magada suka wakilta ni in sayar a raba, tunda ni ne babba kuma babu mai ƙarfin sayen rabon sauran. Samun mai saye bai ba mu wuya ba. A farkon Janairun 2024 wani Alhaji ya taya, muka ce albarka, ya ƙara, a ƙarshe muka sallama a kan naira miliyan 38. Ya ajiye miliyan 5 kafin alƙalami, cikon kuma sai lauyansa ya gama duba takardu a KANGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye ta jihar Kano. Har nan babu abin cewa.

Abin da har yau yake ci mini rai, magana ɗaya ce da dillalinmu ya yi a zaman sallama. Alhajin ya ɗaga kai ya ga tabon ruwa a silin ɗin babban falo, ya ce, "Malam, wannan fa?" Kafin in buɗe baki dillali ya cafe: "Haba Alhaji, wannan ai ba komai ba ne. Duk abin da ya lalace za su gyara maka kafin su ba ka makulli." A gaban mai unguwa ya faɗa, da shaidu a zaune. Mai rubuta takarda kuwa ya rubuta yadda ya ji, cewa masu sayarwa za su gyara abin da ya lalace. Ba a faɗi mene ne ya lalace ba, ba a faɗi na nawa ba, ba a sa rana ba. Mu duk mun ɗauka zancen fallen silin biyu ake yi.

Ba a jima ba Alhaji ya dawo da injiniya. Yaron ya zagaye gidan da tocila da awo, yana ɗaukar hoto da waya, washegari aka turo mini takarda ta WhatsApp. Akwai kwanon ɓangaren gabas gaba ɗaya, da katakon rufi, da silin, da bangon baya da gishiri ya ci har ƙugu, da murfin sokawe da ya tsage. Akwai sabon wayarin, da tayil ɗin banɗakuna, da fenti ciki da waje. Har da faɗaɗa ƙofar gida, wai motarsa ba za ta shige ba. A ƙasa aka rubuta cewa sai an gama waɗannan zai cika kuɗi, kamar yadda aka yi alkawari.

Kafin in yi musu, na kira kafintan da ya daɗe yana yi mana aiki muka hau cikin rufin tare. Tsakar rana ce, ga haske yana tsiyayowa ta kan kusoshi, wuri-wuri, inda tsatsa ta cinye kwanon. Ya soka sukudireba a jikin babban katakon da ya ɗauki tsakiyar falon, sai ta nutse har ƙota, abin ya zubo kamar garin tuwo. Gara ta gama da cikinsa, fatar kawai ta bari. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ba zai kai daminar bana ba." Wannan dai aibi ne na gaske, ba mu san da shi ba, kuma ko babu maganar dillali ba zan yarda in miƙa wa mutum gida ya kwantar da iyalinsa ƙarƙashin wannan katakon ba tare da ya sani ba. Rufin ban taɓa jin haushinsa ba. Haushina shi ne an haɗa shi da tayil da ƙofar mota a takarda ɗaya, duka da sunan abin da ya lalace.

Muka fara da rufin, a daidai lokacin da kasuwa ta birkice. Duk wanda ya taɓa gini a Fabrairun 2024 ya san abin da nake nufi. Dala ta haura naira 1,500 a kasuwar bayan fage, buhun siminti da muka lissafa a ƙasa da naira 6,000 ya wuce 10,000, har sai da ministan ayyuka David Umahi ya zauna da manyan kamfanonin siminti aka yi maganar 7,000 zuwa 8,000. Ni dai ban ga wannan farashin a shagon unguwarmu ba a lokacin da nake bukata. Na je Ƙofar Ruwa neman kwano da kusa, na ce wa mai shago ya rubuta mini lissafi in kai wa 'yan'uwana, ya rubuta, sannan ya ƙara a ƙasa da bironsa: farashin yau ne. A 'Yan Katako na Na'ibawa ma haka. Kuɗin gidan yana nan a miliyan 38 bai motsa ba, darajarsa tana zaizayewa kullum, kuɗin gyara kuma yana hawa. Alhaji yana riƙe da miliyan 33 yana juyawa a kasuwa, babu abin da ke sa shi sauri.

Mayar masa da kuɗinsa a fasa ma ba ta yiwuwa, don mun riga mun biya basussukan marigayi daga kafin alƙalamin, kamar yadda ya wajaba kafin rabo. Ga shi kowace naira da na kashe daga rabon wani take fita, ciki har da ƙananan ƙannenmu biyu na ɗakin amarya da ko sakandare ba su gama ba. Ƙanwata ta kira ni da dare, ba ko gaisuwar kirki, ta ce, "Yaya, gidan muka sayar masa ko sabo za mu gina masa?" Ban da amsar da zan ba ta, don ni ma tambayar da nake yi wa dillali ke nan, shi kuma ya koma cewa a yi haƙuri, ai don ciniki ya faɗa ya yi maganar.

Wanda ya warware mana shi ne limamin masallacinmu. Ya ce a fiƙihun Malikiyya aibin gida hawa-hawa ne. Akwai ƙarami da ba ya taɓa farashi, wannan babu komai a kansa. Akwai matsakaici, wanda ba a fasa ciniki dominsa, sai dai a rage wa mai saye gwargwadon abin da aibin ya rage na daraja. Akwai babba wanda mai saye ke da zaɓin mayar da gidan. Kuma duk wannan a kan aibin da ya ɓoyu ne. Abin da mutum ya gani da idonsa, ya taya a kansa, ba shi da bakin dawowa ya ce a canza masa. Da wannan na ɗauki takardar injiniya na bi ta layi-layi. Tayil ɗin banɗaki tsoho ne amma bai fashe ba, kuma Alhaji ya shiga ya gani kafin ya taya. Fenti haka. Wayarin yana aiki. Ƙofar mota kuwa sha'awarsa ce, ba lalacewa ba.

Muka koma gaban mai unguwa. Na ce, ranka ya daɗe, rufi mun ɗauka kuma mun kusa gamawa, bango da sokawe mun yarda aibi ne, amma ba za mu sake ɗaukar cebur ba, a yi musu kuɗi a cire. Alhaji ya tsaya a kan cewa an ce duk abin da ya lalace. Aka kai ruwa rana, birkilansa ya faɗi nasa, namu ya faɗi nasa, mai unguwa ya raba tsakani a kan miliyan 1.2. Aka rubuta sabuwar takarda da sunan kowane abu, aka ƙara cewa bayan wannan babu sauran gyara a kan magada, aka sa ranar cikon kuɗi. Rufi da silin sun riga sun ci miliyan 2.1. Dillali kuwa ya karɓi la'adarsa cif a kan miliyan 38, ko sisi bai rage ba, har yana cewa shi ya ceto cinikin.

Yanzu idan wani ya ce mini zai sayar da gida, abin da nake fara ce masa shi ne ya hau rufinsa da kafinta kafin dillalai su ji labari, musamman idan da rani ne, lokacin da yoyo ba ya nuna kansa sai tabo. Abin da ka gano ka faɗa da bakinka tun kafin tayi, sai a yi farashi da shi a ciki. Mai saye kuma ya kawo injiniyansa ya duba iya son ransa kafin ya ajiye ko kwabo, don da zarar ka karɓi kafin alƙalami ka taɓa shi, igiyar ta koma hannunsa. In ya kawo buƙatar gyara, kada ka karɓi aikin, ka mayar da shi kuɗi a zauna a yanke sau ɗaya. Aikin da ka yi da hannunka ba ya ƙarewa: za a ce kwanon bai kai kauri ba, fentin ba kalar ba ce, kuma duk tashin farashi a kanka zai ƙare. Sannan ka ja kunnen dillalinka tun a gida cewa bakinsa ya tsaya a farashi. Shi la'ada yake hange, alkawarin da zai yi da sunanka ba daga aljihunsa za a cika ba.

Bayan ƙaramar salla na bi ta layin zan je gaisuwa. Sabon silin ɗin da muka sa, wanda ko damina ɗaya bai gani ba, yana jibge a ƙofar gida an jingina shi da bango, masu POP suna ta aiki a ciki. Kwanon ma an kware shi za a ɗaga ginin a sa na zamani. Na tambayi wani lebura ina za a kai kayan, ya ce Alhaji ya ce duk mai so ya taya.