Abin da aikin rukuni ya koyar game da kwanciyar hankalin ɗalibi

Malami ya ce "ku kasu rukuni-rukuni, ku kawo aiki nan da mako shida", ya fita abinsa. Yawancin matsalar daga nan take farawa. Masu abokai nan take suke haɗewa, shi kuwa ɗalibin da bai san kowa ba sai ya zauna yana rarraba ido har a jefa shi cikin ragowa. Tun ba a buɗe littafi ba an ɗora masa damuwa. Gara malami ya yi rabon da kansa.

Kada rukuni ya wuce mutum huɗu ko biyar. Tsakanin mutum 4 akwai hanyoyin magana 6, amma a kai 8 sun zama 28, ga wahalar samun lokacin da ya dace da kowa. Tun 1913 Max Ringelmann, wani injiniyan noma Bafaranshe, ya nuna cewa in masu jan igiya suka ƙaru, ƙarfin da kowane ɗaya ke sakawa raguwa yake yi. Haka ake gani a aji: biyu su yi ta kwana ido biyu, sauran su fake.

Tsarin da Elliot Aronson, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya fito da shi a Austin ta Amurka a 1971 yana toshe wannan kafa. A yanka darasi kashi huɗu, kowa ya ɗauki ɗaya. Masu kashi iri ɗaya daga duk rukunoni su zauna su fahimce shi, sannan kowa ya koma ya koyar da 'yan rukuninsa. Mai kunya ma dole a saurare shi, don abin da ke hannunsa babu mai shi sai shi. Sai dai in ya fahimta a karkace, duk rukunin zai bi shi, don haka malami ya riƙa zagawa lokacin zaman farko.

Maki iri ɗaya ga kowa da kowa shi ne ya fi haddasa gaba. A raba: wani kaso na aikin gama-gari, wani na gudummawar mutum. 'Yan rukuni su auna juna a mako na uku, lokacin da gyara zai yiwu. Zauren WhatsApp kuma a sa masa lokacin rufewa, don saƙon ƙarfe biyun dare ba ya ƙara komai sai fargaba.

Wanda ya rasa zama biyu a jere kuma ya daina amsa saƙo, ba lallai lalaci ba ne. Mutum ɗaya ya neme shi a keɓe, ya tambaye shi lafiya kafin a tambaye shi aiki. In ya ce barci ya ƙaurace masa, ko ya gaji da rayuwa, abin ya wuce 'yan rukuni. A raka shi ofishin masu ba da shawara ko asibitin makaranta a ranar.