Ruwa ba ya hawa tudu

A zangon da muka karanci tarihin injiniyancin ruwa, an sa mu nazarin yadda mutanen zamanin da suka haɗa koguna ta hanyar kanal, wato hanyar ruwa da aka haƙa, tun babu katafila babu famfo. Yawancin 'yan ajinmu hankalinsu ya tafi wajen haƙa: mutum nawa, kwando nawa na ƙasa. Ni abin da na tsinta shi ne, tun kafin a ɗaga diga sai an san inda ruwan da zai cika wuri mafi tudu zai fito.

Haƙar ma ba wasa ba ce. A 793 Sarki Sharlaman ya tara ma'aikata a yankin Bavariya ta Jamus don ya haɗa kogunan Rezat da Altmühl, jiragen ruwa su riƙa wucewa daga kogin Rhine zuwa kogin Danube. Wurin fadama ne, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa; abin da aka haƙe da rana, da dare ya zame ya koma.

Amma labarin Sin ya fi zama mini a rai. A 984 wani jami'in gwamnati, Qiao Weiyue, ya kafa ƙofofi biyu a Babban Kanal, hanyar ruwan da ta haɗa kudu da arewacin ƙasar: jirgi ya shiga tsakani, a rufe, a ƙara ruwa ko a rage, ya fita. Kafin nan da igiya ake jan jirage a kan gangare, su farfashe, a wawashe hatsin haraji. Dabara ce mai kyau, sai dai duk buɗe ƙofa ruwa gangarawa yake yi, ba ya dawowa.

Shi ya sa sashen kanal ɗin da ke lardin Shandong, wanda daular Yuan ta haƙa a 1289, ya yi ta fama da ƙarancin ruwa, har aka ci gaba da kai yawancin hatsi arewa ta teku. A 1411 daular Ming, wadda ta gaji Yuan, ta tura minista Song Li ya gyara. Wani mutumin yankin, Bai Ying, wanda ya san ƙasar kamar tafin hannunsa, ya ba shi shawara a tare kogin Wen a Daicun, a karkato shi zuwa Nanwang, ƙololuwar hanyar. Daga can ruwan ya rabu biyu, wani arewa wani kudu, aka kuma tanadi tafkuna saboda rani. Ni dai a wurina Song Li ya cancanci yabo don ya saurara, ba kowane minista ke yi ba.

Da kanal ya samu ruwa, a 1415 gwamnatin Ming ta daina jigilar hatsi ta teku.