Abin da na koya a ajin naziri kafin na ajiye aiki

Na bar makarantar kuɗin da nake koyarwa a Gusau, kuma tunda an dame ni da tambayar dalili gara in faɗa kowa ya huta. Maganar wani yaro ce ɗan shekara 3 a ajina, ka kira sunanshi ba zai waiwayo ba, ba ya nuna abu da yatsa, in yana son ruwa sai ya ja hannunka ya ɗora kan jarka, wuni zai yi yana jera murafen lemo a layi, ana kaɗa ƙararrawa ya toshe kunne ya yi ta ihu. Ni ba likita ba ce amma na san waɗannan suna cikin alamun galahanga, wato autism, lalurar da ke shafar maganar yaro da mu'amalarshi da mutane, kuma an fi son a fara taimaka wa yaro tun yana ƙarami.

Na sami Hajiya mai makaranta na ce mu kira iyayenshi. Ta ce, "Anti, ke likita ce? Yayyenshi uku muna da su nan, ki kuskura ki firgita uwarsu a kwashe mini ɗiya." Zango biyu tana sa ni rubuta yana ƙoƙari a rifot ɗinshi. Da wasu iyayen suka fara ƙorafi, ita ɗin ce dai ta sallami yaron, ta kuma tashi a taron malamai ta ce ni ce ban iya riƙe aji ba. Wallahi har yau abin na ci mini rai.

Da ƙafata na je gidan su yaron. Ashe uwar ta daɗe da gani, tsoro ne ya hana ta magana, don kakar ta riga ta yanke cewa iska ce, ana ta hayaƙi da rubutu. Ban yi musu da kakar ba, na ce a ci gaba da addu'a amma a kai shi FMC, asibitin gwamnatin tarayya, a fara duba kunnenshi, sannan ya ga likitan yara. To ita kakar nan ita ta zama malamarshi, zata ɗaga kofin kunu kusa da fuskarta ta jira, sai ya kalle ta ko ya yi wani sauti sannan ta miƙa mishi, yayyen kuma suna gara mishi ƙwallo suna cewa "kai, ni, kai, ni". Aji awa huɗu ne, sauran wunin duk a tsakar gida yake yinshi.

Shawarata ga malamai, uba ma a jawo shi tun farko don shi ke ba da izini da kuɗin mota. Kar a faɗa wa uwa irin wannan magana a bakin get gaban mutane. Kuma duk abin da kika gani a aji ki rubuta da kwanan wata, da ban yi haka ba da Hajiya ta gama shafa mini baƙin fenti. Albashina na watan ƙarshe ma yana hannunta har yanzu.