Jarka huɗu

Talata. Yau kwana uku famfonmu sai tari yake, babu ko ɗigo. Wanda ya san Damagaram a watan Afrilu ba sai an yi masa bayani ba.

Da hantsi mai ga-ruwa ya turo kurarsa ƙofar gida, ya ce jarka dala talatin. Na ce dala ashirin, in bai yi masa ba ya ƙara gaba. Muna cikin ja-in-ja, har na ɗaga murya ina ce masa ba su tsoron Allah, sai ga Yaya ya fito. Ya miƙa wa yaron hannu, ya tambaye shi garinsu (wani ƙauye ne bayan Mirriya), ya kama masa jarkokin har bakin randar Inna. Ya ƙirga masa dala ɗari da ashirin cif, ya ce a zubo masa kunu.

Raina ya ɓaci. Da yaron ya tafi na ce, "Haba Yaya, ka kunyata ni a gabansa. Ko kuɗin Aljeriya ne ke maka ƙaiƙayi?"

Ya yi murmushi. "Wane kuɗi, Auta? Shekara nawa yaron nan yana kawo muku ruwa?"

Na ce biyu.

"Yaya sunansa?"

Na yi shiru.

Ya ce, "Shekara uku ina ɗaukar bulo tsakanin Tamanrasat da Oran, ba wanda ya taɓa tambayar sunana. Kahlush, shi ke nan, wato baƙar fata. Ranar biya mai aiki ya zaftare rabi, ba ka da bakin magana tunda ba ka da takarda." Ya shige ɗaki abinsa.

Wannan fa Yayana ne, wanda kafin ya tafi a 2019 ko ɗan kabu-kabu bai isa ya ci dalarsa ba. Ni na ɗauka wanda ya je waje da babbar waya yake dawowa, da raina shayin fada, wato majalisar samari. Shi da leda ɗaya ya dawo. Motar da ta kwaso shi da 'yan uwansa daga Aljeriya a bakin iyaka ta zubar da su, suka taka kilomita 15 cikin rairayi kafin garin Asamaka na Nijar. Wannan ma ba daga bakinsa na ji ba, Inna ya gaya wa.

Rana: Kasuwar Dole, albasa ta sauko. Wuta ta ɗauke sau biyu. Ban je fada ba.

Ni iyakata Kano, kuma can ma har gida aka kai ni, aka yanka mini kaza.

Inna ta ce gobe in tsayar da yaron da wuri kafin maƙwabta su riga mu. Har yanzu dai ina ganin dala talatin ta yi yawa. Ban san ta inda zan fara gaishe shi ba.