Ranar da rauta biyu suka tsayar mana da aiki

Wata safiyar Litinin na iso ofis na tarar rabin kwamfutocinmu suna shiga intanet lafiya ƙalau, sauran kuwa ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa, alhali alamar Wi-Fi a cike take fal. Wani abokin aikina har ya ɗauko tsinke zai zura a ɗan ramin nan da ke bayan rauta, wato na'urar da ke raba mana intanet. Na riƙe hannunsa. Maɓallin da ke cikin ramin ba na kashewa da kunnawa ba ne. In ka danne shi na kamar daƙiƙa 10, duk saitin na'urar ya goge ke nan, har da suna da kalmar sirrin da kamfanin intanet ya saka. Ya taɓa faruwa da ni a gida, kwana biyu muna zaman jiran ma'aikacinsu.

Cikar alamar Wi-Fi ba ta nufin akwai intanet. Abin da kawai take faɗa maka shi ne tsakaninka da rauta babu matsala. Shi ya sa kullum nake fara neman inda hanyar ta yanke kafin in taɓa komai.

Na zauna gaban wata kwamfuta mai aiki, na buɗe baƙin allon rubuta umarni na Windows, na rubuta ipconfig. Ta nuna mini cewa ƙofar fitarta ita ce 192.168.1.1, wato rautarmu. Na koma kan wadda ta ƙi aiki, sai ga 192.168.0.1. A sanina ba mu da wata na'ura mai wannan adireshi. Na bi kebul ɗaya bayan ɗaya har ɗakin taro, na leƙa bayan kabad, sai ga wata tsohuwar rauta tana ta ƙyafta fitilu. Ashe ranar Juma'a wani ya jona ta don sigina ya ƙara ƙarfi a ɗakin. Niyyarsa mai kyau ce, ban ga laifinsa ba.

Duk wayar hannu ko kwamfutar da ta shigo sai ta nemi a ba ta adireshi, rauta ce kuma ke rabawa ta tsarin da ake kira DHCP. Yanzu masu rabon sun zama biyu, wadda ta riga amsawa ita ake bi. Tsohuwar kuwa tana nuna kanta a matsayin ƙofar fita, alhali ba ta da hanyar zuwa ko'ina. Na cire ta, na haɗa ta kai tsaye da laftof ɗina, na kashe DHCP ɗinta, na ba ta adireshi 192.168.1.2 da babu mai amfani da shi, na mayar da ita mazauninta. Da aka sake kunna kwamfutocin, komai ya dawo daidai.

Da adireshin da na gani ya fara da 169.254, da labarin daban ne: kwamfutar ta yi kira babu wanda ya amsa, sai ta ba kanta. A nan kebul nake dubawa, ko in zare wutar rauta na daƙiƙa 30. In kuwa adireshi daidai yake, sai in yi ping, wato umarnin da ke gwada ko na'ura za ta amsa, zuwa rauta, sannan zuwa adireshin 8.8.8.8 na Google. Lamba ta amsa amma sunan shafi ya ƙi, to matsalar DNS ce, wato tsarin da ke juya sunan shafi zuwa lambar adireshi, sauya shi zuwa 1.1.1.1 yakan wadatar. Jar fitilar LOS, mai nuna yankewar sigina, a akwatin faiba na kamfanin intanet kuwa ba aikinka ba ne, hasken da ke ɗauko intanet ta kebul ɗin faiba ne ba ya isowa, kamfani za ka kira.

Tun da ina ɗakin taron, na lura ɗan maƙalin kan kebul ɗin ya karye, filogin yana girgiɗi a raminsa. Zaruruwa 8 ne a cikin irin wannan kebul, kuma gudun gigabit, wato megabit 1000, yana buƙatar dukkansu. Ɗaya ya saki, sau da yawa sai gudun ya faɗo zuwa megabit 100, ko layin ya riƙa yankewa. Na sauya shi nan take. Kafin in tashi na rubuta adireshin rautocin biyu da bayanan shiga na kamfani a takarda, na ba shugabar ofis ta kulle a aljihun teburinta.