Aikinmu a gidan da amai da gudawa suka shiga

Sana'ata share-share ce da feshin magani a nan Sakkwato. Ni da yarana muna zagaya gidaje da makarantun kwana daga Mabera har Arkilla, kuma yawancin kiran na sauro ne da kyankyasai da kuɗin cizo. Wanda ya fi cin ƙarfinmu shi ne na gidan da yaro ya kwana yana amai, washegari ƙanensa ya kama, jibi uwarsu ta kwanta.

Irin wannan bi-da-bi halin norobairos ne, ƙwayar da aka gano bayan ta kwantar da 'yan wata firamare a garin Norwalk na Amurka a 1968. Tana bayyana awa 12 zuwa 48 bayan shigarta jiki, kuma ƙwayoyin da ba su kai 100 ba sun isa su kayar da ƙato.

Da mun sauke bokitai da tsummoki sai maigida ya ɓata rai: "Malam, ina injin? Ai don feshi munka kira ku." Nakan ce, "Alhaji, injin na sauro ne, wannan sai da hannu." Mutanenmu na auna tsabta da hanci, in gida ya ɗauki ƙamshi shi ke nan. Wannan ƙwaya kuwa ko sanitaizan hannu bai cika yi mata komai ba. Abin da ke gamawa da ita bilic ne, irin su Hypo da Jik. Wanda aka rubuta 3.5% a gorarsa, muna zuba awo 1 cikin ruwa awo 6 don wurin da amai ko kashi ya taɓa, awo 1 cikin 30 don sauran wurare. Sai an kwashe ƙazantar tukuna, da safar hannu da takunkumi, a ɗaure a leda, sannan a jiƙa wurin a bar shi aƙalla minti 5. Sabon yaro gaggawar gogewa ce ke cinsa, shi ya sa nake tsayawa a kansa. Kullum sabon haɗi muke yi, don zafin garin nan na saurin kashe ƙarfinsa, kuma ba a gauraya shi da wani maganin wanke masai, hayaƙinsu guba ne.

Inda na fi daɗewa shi ne kan buta. Kowa a gidan ita yake ɗauka ya shiga bayi, ita kuma zai ɗauka ya yi alwala, amma ban cika ganin mai wanke mariƙinta ba. Daga nan sai moɗar randa, kan famfo, sakatar bayi, rimot da waya. Darduma da zannuwa bilic na cin launinsu, sai dai ruwan zafi da sabulu, ba tare da an kakkaɓe su ba.

Jinyar kanta ba aikina ba ce, amma Hajiya ba ta barin mu tafi ba ta tambaya ba. Ciwon kan lafa cikin kwana 1 zuwa 3, haɗarinsa ƙarewar ruwan jiki. Sai a haɗa ORS, ko ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Kafso da ake rugawa kemis a saya ba ya taɓa bairos. In fitsari ya ɗauke, ido ya faɗa, ko gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, a bar zancen gida a nufi asibiti, don kwalara ma da haka take zuwa.

Wanda ya warke kada ya taɓa girki sai bayan awa 48, kuma ƙwayar na iya ci gaba da fita a bayan gidansa har mako biyu ko fiye. Don haka kafin mu karɓi kuɗinmu nakan sa a kira mai aikin gidan, ta haɗa awon da hannunta a gabana, a kuma ajiye sabulu kusa da butar.